Da Malamin Daji Ya Fita Ne Ɗan Bindiga Ya Shiga

A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji, a horar da su, a ba su makamai, su shiga dazuzzukan ƙasar nan su fatattaki 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. A Kaduna da wuya ka samu wanda zai ja da wannan. Duk wanda ya bi hanyar Birnin Gwari a shekarun da sai da rakiyar soja ake wucewa, ko wanda ya sayar da gonar gado ya haɗa kuɗin fansa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ni ma ina goyon baya. Abin da ke damuna shi ne yadda muka ɗauki aikin kansa. A bakin jama'a, har da manyanmu, mai tsaron daji yanzu soja ne kawai da aka sauya wa launin kaki. Ba ka jin ana zancen wanda zai reni dashe, ya share layin gobara kafin iskar hunturu ta kaɗa, ya san inda iyakar gandu ta tsaya, ya bambance sawun gwanki da na saniya. Alhali wannan aikin ne ya riƙe mana daji shekara da shekaru, kuma barinsa da muka yi ne ya buɗe ƙofa ga abin da muke kuka da shi yau.

Mu ɗauki Kamuku, tunda shi ne namu. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, ta Birnin Gwari, a 1999 kuma gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya zama ɗaya daga cikin manyan gandayen daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120, yana kuma manne da dajin Kuyambana na jihar Zamfara. Daji ne na doka da maje da taura da kaɗanya da ɗorawa, an san shi da giwa da gwanki da kanki da gadu da jan biri, ga ruwan da ke zubowa a Dogon Ruwa, ga Goron Dutse a tsaye. Yaro ɗan shekara ashirin a Rigasa ko Kawo in ka ce masa Kamuku, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da zai zo masa a rai. Maɓoyar ɓarayi kawai ya sani.

A zamanin En'e akwai malamin daji, akwai Sarkin Daji ko Sarkin Dawa a fadar hakimi, akwai Sarkin Baka mai iko da maharba. Ba na cewa waliyyai ne. Tsofaffinmu na ƙauye har yau suna ba da labarin malamin dajin da ke ƙwace gatarin talaka, ya ci tararsa saboda reshe ɗaya, sannan ya kawar da kai idan mai kuɗi ya kawo goro. An yi wannan, kuma shi ya sa mutane da yawa ba su yi kukan tafiyarsu ba. Amma duk da halinsu, suna cikin dajin. Baƙo ba ya kafa bukka ya kwana uku ba a kai labari gaban dagaci ba. Da aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi a 1976, sannan dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, sai alhakin daji ya koma ofis a babban birni. A hankali gwamnatocin jihohi suka riƙa kallon sashen gandun daji a matsayin wurin tara haraji: a yanka rasit, a ba da izinin sara. Wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, babur ɗin sintiri in ya lalace ya lalace ke nan. Mai injin zarto ya fara shiga, mai gawayi ya bi hanyar da ya fasa, mai neman sabuwar gona ya bi bayansu, ɓarawon shanu ya ga babu mai tambaya ya kafa zango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin, har da Malam Nasir El-Rufa'i na Kaduna, sun haɗa kuɗi aka tura jami'an tsaro cikin Kamuku da Kuyambana. An ƙwato shanu masu yawa, an nuna su a talabijin, an yi murna. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Soja aikinsa ya shiga ya yi yaƙi ya fita, ba a horar da shi don ya zauna shekara goma yana lura da kurmi ɗaya ba, kuma bai kamata a ɗora masa wannan ba. Idan ya fita babu wanda zai karɓi wurin, to wanda aka kora ne zai dawo ya karɓa.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya. Wata rana bayan la'asar na tambaye shi, na ce, "Baba, wai me kuke yi ne a dajin nan ban da kama masu sara?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kamun ai shi ne ƙaramin aikin." Sai ya shiga lissafa mini shekarar ma'aikacin daji yadda manomi ke lissafa tasa. Da rani ake tattara iri, kowane itace da lokacin da 'ya'yansa ke nuna, kuma wani irin sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an ɗan kankare ɓawonsa kafin ya tsiro. A gauraya ƙasa da yashi da taki, a cika leda, a jera a inuwa, a yi ban-ruwa safe da yamma har damina ta kankama, don ba a dasawa da ruwan farko. Idan ruwa ya ɗauke, tun ciyawa na da sauran danshi ake share layi a kewaye gandu, a sa wuta da gangan a wasu wurare don ta ci sama-sama, saboda in an bari sai Janairu ko Fabrairu, wutar da za ta tashi har manyan itatuwa za ta kashe. Tsakanin wannan da wancan ana bin iyaka da ƙafa ana duba turakun siminti, don manomi yakan tura turke gaba taku goma a shekara, kafin ka ankara ya ci kadada. Ya ce akwai lokacin da yake gane mai sara daga yadda ya bar kututture, ya san gatarin wane ne a ƙauyen. Na ce, "To Baba, da bindiga kuke yawo?" Ya ce, "Littafi da fensir da adda. Bindiga ta maharba ce, su kuma mun san gidajensu."

Zamani ya sauya, babu mai hankalin da zai tura mutum cikin Kamuku yau da fensir da adda. Amma duk abin da dattijon nan ya lissafa har yanzu yana nan yana jiran mai yi, kuma bindiga ba ta yin ko ɗaya daga ciki.

Dubi yadda muke dashen itatuwa. Kowace damina akwai biki: a kafa rumfa, babban baƙo ya durƙusa ya sa tsiro a rami, a miƙa masa butar ban-ruwa, a ɗauki hoto, a sanar da adadi mai sifiri da yawa. Ka koma wurin a watan Maris ka ƙirga. Akuya ta ci wasu, gara ta ci wasu, sauran ƙishirwa ta kashe. Dalili ba ɓoyayye ba ne. A kasafi akwai kuɗin sayen dashe, domin kwangila ce, akwai mai samu. Kuɗin mutumin da zai kewaye shi da ƙaya ya ba shi ruwa har rani biyu kuwa babu, domin albashi ne, ba wanda ke cin riba a kansa. Ga shirin ACReSAL da aka karɓo rancen dala miliyan 700 daga Bankin Duniya don farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, Kaduna na ciki. Kuɗi ne mai yawa, kuma bashi ne da 'ya'yanmu za su biya. Tambayar da nake so 'yan jarida su riƙa yi ita ce itace nawa ne ya kai shekara uku a raye, kuma wa ake biya ya kula da shi bayan shirin ya ƙare.

Abin takaicin shi ne muna da masu ilimin aikin, a nan cikin garin ma ake horar da su. Kwalejin koyon aikin gandun daji ta tarayya da ke Afaka, kusa da filin jirgin sama, ta daɗe tana yaye ɗalibai. Mafi yawan mutanen Kaduna ba su san da ita ba sai daren 11 ga Maris 2021, da 'yan bindiga suka shiga suka tafi da ɗalibai 39, na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai bayan kusan wata biyu. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan: yaran da ke koyon yadda za su kula da daji ne aka kwashe aka shigar da su dajin da babu mai kula da shi. A Sabuwar Bussa ta jihar Neja akwai kwalejin koyon kula da namun daji, a Samaru ta Zariya akwai tashar binciken itatuwan yankinmu. Yaro ya gama ɗaya daga cikin waɗannan, ya san aunon fili, ya san renon dashe, ya san dokar gandu, sai ka tarar da shi yana jan Keke a Kasuwar Barci ko yana zaune a ƙarƙashin laima da na'urar cirar kuɗi. Iyaye sun lura. In yaro ya ce zai karanci gandun daji, sai uban ya ce, "Duk karatun duniya ka rasa sai na dawa?" Ban ga laifin uban ba, ya duba ne bai ga wanda karatun ya ciyar ba.

To su wa ya kamata a ɗauka? A ganina kashi biyu ne, kuma dole su tafi tare. Akwai masu takardar nan, su ne za su riƙe taswira da rajista da lambun reno. Akwai kuma mutanen bakin dajin: ɗan maharbin da ya tashi yana bin babansa, ya san mashayar dabbobi da rani, ɗan Bafulatanin da ya san kowane burtali da kowane kwazazzabo, matan da ke tsintar kaɗanya da kalwa, waɗanda su ne ke fara ganin an sare itace domin abincinsu ne aka sare. In aka ɗauko yaro daga Tudun Wada da takardar wani ɗan majalisa, aka tura shi Birnin Gwari bai san sunan itace biyar ba, zai tsaya a bakin kwalta ne ya kafa shinge ya riƙa karɓar na goro daga motocin gawayi. Mun ga irin wannan a wasu ma'aikatun, ba sai an gaya mana ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai a cikin mutanen ƙauyen ne masu kai wa 'yan bindiga labari suke, kuma ɗaukar Bafulatani tsaron daji kamar ba su asirinmu ne. Tsoron yana da tushe, an sha kama masu tsegunta labari. Amma ka duba ta ɗaya gefen. Saurayin da ya san dajin kamar tafin hannunsa, ba shi da albashi, ba shi da wanda ya san darajar abin da ya sani, mutum ɗaya ne ya taɓa zuwa ya yi masa tayin kuɗi a kan wannan ilimin, kuma mun san ko wane ne. In gwamnati ba ta saya ba, wancan zai saya. Tantancewa kuwa akwai hanyarta: dagaci da arɗo da liman su tsaya wa mutum, a san gidansu, a san wanda za a tambaya in ya ci amana. Ba sabon abu nake kawowa ba. A Yankari, tun da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga yarjejeniya da gwamnatin Bauchi a 2014, abin da aka mayar da hankali a kai shi ne sintiri na ƙafa a kai a kai, da biyan masu sintirin alawus da abincin tafiya, da kuma sa wasu mutanen ƙauyukan kewaye su riƙa buga waya idan giwaye sun doshi gona. Kisan giwaye don haure ya ragu ƙwarai, garken da ke can yana cikin mafi girma da suka rage a ƙasar. A Gashaka-Gumti, gandun da ya fi kowanne girma a Nijeriya, gidauniyar kare namun daji ta ANI da ta shiga haɗin gwiwa da hukumar gandayen daji ta ƙasa a 2017 daga ƙauyukan yankin ta ɗebi sababbin masu gadi ta horar. Ba dabara ce mai wuya ba, biyan mutane ne a kan lokaci da kuma bin sawun aikinsu.

Sai maganar gawayi, wadda ita ce ta fi ƙona rai domin duk muna ciki. A gidana ma da gawayi ake dafa wake tun da gas ya yi tsada, saboda haka ba daga kan mumbari nake magana ba. Duk hanyar da ta shigo Kaduna, ta Kachiya ce ko ta Birnin Gwari ko ta Abuja, za ka ga buhuna jibge a bakin titi an toshe bakinsu da ganye. Masu saye sun fi son na ƙirya da marke saboda nauyi da daɗewar wuta, su kuma itatuwa ne masu jinkirin girma, wanda aka sare yau jikan mai saran ne zai ga madadinsa, in ma an bar kututturen ya tofo. Wanda ya ce a hana gawayi gaba ɗaya bai san halin da ake ciki ba. Amma akwai bambanci tsakanin matar da ta ɗauko ƙunshin busasshen itace a ka da attajirin da ke loda tirela. Mun ga abin da ya faru da madobiya: cikin 'yan shekaru aka yi ta yanka ta ana lodawa zuwa Sin don yin kujeru da gadaje, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da itatuwa, ke sa wa ido a 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Ba talakan ƙauye ne ya ci ribar ba, shi ladan sara kawai ya samu. Ma'aikacin daji na ƙwarai shi ne zai iya raba waɗannan biyun, ya ware wa gari yankin da za a sara bana da wanda za a bari ya huta, ya nuna yadda ake yanke reshe a bar uwa. In babu shi, doka kan faɗa ne a kan mai ƙunshi a ka, tirela kuwa ta wuce.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna cewa wannan aikin ba a gandu kaɗai ake yinsa ba. Tun shekarun 1980 manoma a can suka koma abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi mai ƙarfi ɗaya ko biyu a bari, a sassabe sauran. Da wannan kaɗai aka dawo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi gawo da ire-irensa, ba tare da ledar reno ko bikin dashe ba. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa nesa ba kusa ba. Abin da ya yi aiki shi ne mutanen da suka bi gona-gona suna nunawa, da kuma tabbacin da manomi ya samu cewa itacen da ya rena nasa ne, ba wani jami'i da zai zo ya ci tararsa a kai. A Giwa ko Ikara ko Soba, malamin daji ɗaya mai babur da man fetur zai iya yin wannan a ƙauyuka da dama.

Wani zai ce mutane na mutuwa kai kana zancen gwanki. Na ji wannan, kuma ba na raina shi. Amsata ita ce dabbar ma'auni ce. Dajin da gwanki zai iya kiwo a cikinsa hankali kwance daji ne da akwai mai sa ido a kansa, shi ne kuma dajin da mace za ta shiga tsintar kaɗanya ta dawo lafiya. Ban da haka ma, akwai hidimar da halittun nan ke yi mana ba mu sani ba sai sun tafi. Waɗanda suka girma a garin nan za su tuna yadda ungulu ke cika kwata, suna jere a kan rufi suna jiran mahauta su watsar da abin da ba a so. Yau je ka kwata ka nemo guda. Guba da masu sayen kai da ƙafafunta don haɗa magani sun gama da ita, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka saba gani cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa tun 2015. Mushen da take cinyewa cikin sa'o'i yanzu kwana yake yi yana wari, karnuka da ƙudaje suna rabo. Haka ma ruwa: ƙasar da aka sare wa itace ba ta riƙe ruwan sama, gudu yake yi ya kwashi yashi ya zuba a rafi, rafi ya kai Kogin Kaduna, wanda shi ne ke cika gidajen mutane a bakin gaɓa da damina, shi ne kuma ke juya injinan lantarki a madatsar Shiroro.

Tun ƙarshen 2024, da gwamnatin Malam Uba Sani ta yi sulhu a Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar shanu, hanya ta samu, manoma sun koma gonakin da suka bari shekaru. Ana iya saɓani a kan sulhun, amma sararin da ya bayar na gaske ne. Sai dai hanyar da ta buɗe wa manomi ta buɗe wa mai injin zarto da mai tirelar gawayi, kuma su ba sa jiran a zartar da kasafin kuɗi. Wuraren da tsoro ya hana sara na tsawon shekaru, inda itatuwa suka ɗan samu suka murmure, su ne za a fara yi wa dirar mikiya. Kamuku na tarayya ne, amma sauran gandayen jihar, daga Afaka har Nimbiya da ke ƙasar Jama'a, a wuyan gwamnatin Kaduna suke. Abin da nake roƙon 'yan majalisar dokokinmu shi ne idan kasafin ma'aikatar muhalli ya zo gabansu, su wuce shafin sayen dashe da motoci su nemi shafin ma'aikata: malamin daji nawa jihar ke da su a bakin aiki, nawa ne suka kusa ritaya, yaushe rabon da a ɗauki sababbi, me ake ba iyalan wanda aka kashe a sintiri. Idan an zo ɗaukar dakarun tsaron daji kuma, a ware gurabe na dindindin, masu albashi da fansho, ga yaran Afaka da 'ya'yan ƙauyukan bakin gandu, a haɗa su a tawaga ɗaya da masu bindigar, kowa da aikinsa a rubuce.